Esin Motar Malam Lawal

Ku yaran yanzu, da kun ga mutum ya ɗaura tiyo a bututu ya murɗa kan tukunyar gas, sai ku ce ai shi ke nan gyaran esin mota. Har wani cikinku ya taɓa ce mini in koya masa aikin kafin hutun makaranta ya ƙare. Na ce ya je ya sari ƙanƙara ya riƙa sayarwa, ita ma sanyi ce, kuma ba ta ƙona hannu. Zuba gas ko mai faci zai iya. Sana'ar tana wajen sanin abin da sanyin nan yake ci a jikin inji, da yadda za ka sa ya ci daidai ba tare da ya kwantar da motar ba.

Ni da firij na fara, a wajen Malam Tanko, wani Bazazzagi mai shago a Unguwar Kanawa, Allah Ya jiƙansa. Da motocin Kwatano suka cika gari sai muka koma kan mota tare. Mutumin nan sai da na gaji da wanke ƙarafa kafin ya bar ni na taɓa geji, wato ma'aunin ƙarfin gas. Cewa yake yi tafin hannu ne geji na farko. Ka dafa wannan bututu, ya kamata ka ji shi da sanyi yana gumi. Ka dafa wancan, ya kamata ka janye hannu ba shiri. In duka biyun ɗumi ne, kada ka buɗe baki ka yi wa mai mota alkawari. Kayan aikinmu ba su cika buhu ba: geji mai agogo biyu, ja da shuɗi, da tsohon injin firij da muka mayar na zuƙe iska daga bututu, da ƙwan fitila mai waya na neman wuta, sai soso da sabulu. In ka shafa kumfa a mahaɗa ka ga tana kumbura, nan gas yake zurarewa. Na sayi na'urori masu ƙara da walƙiya daga baya, amma har yau da soso nake gamawa.

Ƙa'idarsa da ban taɓa karyawa ba ita ce, ba a gwada mota da safe. Da safe kowace mota mutuniyar kirki ce. Sai rana ta take za a fita da ita, esi a kunne, a shiga cunkoson Kawo ta sha wuya, a dawo a kashe, a tafi sallar Azahar. In an idar a zo a murɗa makulli. Wadda ta tashi a lokacin ita ce ta gyaru. Masu mota da yawa sun yi fushi da ni kan wannan, don sun zo da hantsi da niyyar tafiya, na ce sai bayan salla.

Dalilin mai sauƙi ne. Esi ba shi da ƙarfin kansa. Akwai kwamfaresa, wato injin da ke matsa gas, kuma bel ne yake jan sa daga jikin injin mota. Duk lokacin da ya kama, inji ya ƙara kaya, kamar jakin da aka ɗora wa buhu na biyu, kuma dole ya ƙara shan mai. Wanda ya ce muku esi ba ya shan mai ƙarya yake yi, ko kuma ba shi yake sayen man ba. Babbar mota mai sabon inji ba ta cika nunawa ba. Tsohuwar bas mai ƙaramin inji kuwa, da ka danna maɓalli za ka ji ta yi nishi.

Shekarar da aka cire tallafin mai ita ce shekarar da na san lalle sana'ata ta marmari ce a idon mutane. Manyan ma'aikata da a da ko saukar da gilashi ba sa yi, sai ga su suna tafe hannu a waje, riga ta jiƙe sharkaf. Ba gyara ake kawo mini ba, cewa ake yi, "Malam Ilu, cire mini bel ɗin nan gaba ɗaya, kada yara su kunna." Ina cirewa ina ratayewa a ƙusa, har bangon garejina na Hayin Banki ya cika. Abokan sana'a wasu suka koma gyaran janareta, wasu suka hau babur. Ni na koma wa firij ɗin masu sayar da ruwan leda don a samu na cefane. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, mutum ya kai shekaruna yana kwance aikin da ya ɗaura da hannunsa.

A cikin bazarar da ta biyo baya aka kawo mini motar Malam Lawal, a bayan janwe. Tsohuwar bas ce fara mai dogon rufi, irin wadda Turawa suke yawon shaƙatawa da ita. A ciki akwai gado, da kabad, da wurin wanke hannu, da ɗan ƙaramin firij. 'Yan gareji suna ganinta suka sa mata suna Ɗaki-da-Falo. Malam Lawal ma'aikacin safiyo ne, ya saye ta da ya yi ritaya don ya riƙa kwana a gonarsa. Ba shi ya kawo ta ba. Matarsa ce, Hajiya Asabe, wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, tare da ƙanensa Sule, direban bas mazaunin Rigasa.

Hajiya ba ta tsaya dogon gaishe-gaishe ba. Ta ce maigidanta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ba ya iya zama, baki kuma ya riƙe. Mahaifiyarsa tana nan da rai a wani ƙauye bayan Malumfashi, tsufa ya cinye idonta, ko ƙofar gari ba a iya kai ta. A da kullum sai ya kira ta ya gaishe ta. Da ciwon ya same shi sai dangi suka yi abin da muka saba yi wa tsofaffi, suka ɓoye mata. Yau a ce yana wurin taro, gobe a ce wayarsa ta lalace. Da ƙarya ta ƙare aka gaya mata gaskiya, sai ta ƙi yarda.

"Cewa ta yi ya rasu ne muke rufe mata," in ji Hajiya. "An kara masa waya a baki, ba ya iya cewa komai sai numfashi. Ta ce numfashi ai kowa yana da shi. Yanzu ta daina cin abinci, Malam Ilu. Ruwa kawai take kurɓa. In ba kai mata shi muka yi ta taɓa shi da hannunta ba, tsohuwar nan tafiya za ta yi."

Sun riga sun gwada sau ɗaya. Motar nan ce kaɗai zai iya kwanciya a cikinta a miƙe, Hajiya tana gefensa. Sun kai Zariya, mai ya kusa ƙarewa tun ba a je ko'ina ba, suka shiga gidan mai aka kashe inji. Da aka zuba aka murɗa makulli, sai motar ta yi gurnani sau biyu ta yi shiru. Cikin ranar nan ta bazara, mara lafiya a kwance a cikin akwatin ƙarfe. Kafin a samo wata mota jininsa ya hau, sai da aka kwantar da shi a asibiti. Likita ya ce in aka sake bari zafi ya dafa shi haka, kada a zo masa da tambaya.

Sule ya ja ni gefe. Bakatsine ne mai saurin magana.

"Oga Ilu, ni dai shawarata a cire bel ɗin nan a huta. Esin nan shi ka shanye mai, shi ka hana ta tashi. A buɗe tagogi, iskar Allah ta ishe shi."

Na ce, "Rabin maganarka gaskiya ce, Sule. Amma iskar Allah ta watan nan ai daga murhu take fitowa. Ka bar mini ita tukuna."

Washegari da safe na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Sule ya riƙe baki, ya ce wallahi motar nan da iskokai a jikinta. Na ɗage kujerar gaba, don injin irin waɗannan a ƙarƙashin mazaunin direba yake, a matse, ba inda zafi zai fita. Ina haska ciki na ga abin da na zata. Motar daga ƙasar sanyi ta zo, ba ta da esi tun asali, a nan aka ɗaura mata na wata mota. Wanda ya yi aikin kuma ya yi mata abin da muke kira dairek.

Wannan ciwo namu ne, mu masu gyaran ƙasar nan. Duk wata 'yar na'ura da muka gani tana yanke wuta ko tana kunnawa da kanta, sai mu ce ta ƙasar ƙanƙara ce, mu ba ma buƙata, mu fizge ta mu haɗa waya da waya. An cire na'urar da ke sa kwamfaresa ya huta in ciki ya yi sanyi. An ɗauko masa wuta kai tsaye daga makulli. Ma'ana, da ka murɗa makulli, tun inji bai tashi ba, kwamfaresa ya riga ya kama. Da safe gas ya kwana ya lafa, sitata, mai tayar da inji, tana iya juya su duka biyun. Da rana kuwa, bayan doguwar tafiya, gas ya cika bututu ya yi tauri, sitata ta gasu a jikin inji, sai a ce ta juya inji ta juya kwamfaresa a lokaci guda. Ko sabuwa ce sai ta durƙusa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Irin waɗannan motoci batir biyu gare su, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na ɗaki, mai kula da firij da fitilu da fanka. Tsakaninsu akwai abin da ke raba su in an kashe mota, don kada ɗaki ya shanye na inji. Shi ma an cire, an haɗe su da waya mai kauri.

Na nuna wa Sule. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai mu haka muka sani, batir biyu in an gama su sun fi ƙarfi."

Na ce, "Ƙarfi har firij ya samu na tsotsa."

Shan man kuma, da na kalli kafireto, mai ba inji mai, na ga inda ya samo asali. Tun da kwamfaresa ba ya sakin inji, motar takan mutu in an tsaya a cunkoso. Maganin da aka yi mata shi ne aka ɗaure silo sama, wato gudun inji in mota tana tsaye, inji yana ta kururuwa ko da esi ko babu. Ga gas an ɗura fiye da kima, don mutanenmu gani suke yawan gas shi ne yawan sanyi. Ga ragar gaba da ke fitar da zafi ta toshe da laka da ƙaiƙayin gona.

Aikin ya ɗauke ni kwanaki, kuma kowace safiya Hajiya sai ta zo ta tsaya a bakin gareji. Ba ta cewa in yi sauri, sai dai ta ce, "Jiya ma Inna ba ta ci ba." Na je Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, da ƙafata na tono kayan da aka zubar, don sababbi na irin wannan mota babu su a kasuwa. Na ja sabuwar waya ta yadda kwamfaresa ba zai samu wuta ba sai inji ya tashi ya daidaita. Na mayar da na'urar hutawa. Na sa abin da ke ɗaga silo lokacin da esi ya kama kawai, ya sauke in ya saki. Na raba batiran. Na kankare wayar da ke haɗa batir da jikin mota, wadda tsatsa ta ci rabinta. Na yanko falle na ƙarfe na kare sitata daga zafin salansa. Na zuƙe gas duka, na wanke raga, na zuba daidai abin da geji da tafin hannuna suka yarda da shi.

Ranar da na gama da hantsi, Sule ya ce su ɗauka su kama hanya. Na ce a'a, sai bayan Azahar. Hajiya ta dube ni, idonta ya yi ja.

"Malam Ilu, kwana ɗaya a wurin tsohuwar nan ba ƙaramin abu ba ne."

"Na sani, Hajiya. Amma gara ta ƙi tashi a Hayin Banki babu kowa a ciki."

Ta ce, "To, a gwada." Na shiga da ita cunkoson Kawo, na zaga ta Mando na dawo, na kashe ta a tsakiyar rana ba inuwa, na bar firij da fanka a kunne. Sallar nan, Allah Ya yafe mini, rabin hankalina yana waje. Da muka fito na miƙa wa Sule makulli. Bugu ɗaya.

Na gaya wa Hajiya gaskiya kan mai. Zai sha fiye da in babu esi, musamman a cikin gari da wajen hawa tudu. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ta ji shi sosai ba. In an zo hawa mai tsawo ko za a wuce tirela, Sule ya kashe na ɗan lokaci ya ba inji numfashi. Ta ce duk ta ji, amma ƙafata ƙafarsu, ba za ta sake tsayawa a titi da mara lafiya ba mai gyara a kusa. Na rufe gareji na ɗauki jakata.

Washegari ba mu iya fita da sassafe ba, don kafin a yi wa Malam Lawal wanka da magani da gashin ƙashi rana ta ɗaga. Dogon mutum ne, ciwo ya rage shi, amma idonsa tar. Da aka shigar da shi ya kwanta a gadonsa na gona, sai ya bi rufin motar da kallo, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya shafa kabad. Muka wuce Zariya ba mu tsaya ba. Da muka zo daidai gidan man da suka taɓa maƙalewa, Sule ya kau da kai muka wuce. Allurar mai tana sauka a hankali, Sule yana satar kallonta yana cewa, "Ikon Allah." Ina zaune a gaba kunnena yana kan inji. In kwamfaresa ya kama in ji ƙas, silo ya ɗaga, can kuma ya saki. A kunnena wannan ƙarar ta fi kiɗa daɗi.

A Funtuwa dole muka shiga gidan mai, kuma dole a kashe inji. Rana tana tsakiyar ka, kwalta har walƙiya take yi. Aka zuba, muka tura ta gefe kaɗan, ni da Sule muka yi salla a gurguje, Hajiya tana ciki da ƙaramar fanka tana shafa wa maigidanta ruwa a goshi. Da muka dawo Sule ya zauna, ya riƙe makulli bai murɗa ba.

"Oga Ilu, ko kai za ka tayar?"

Na ce, "Kai ne direba. Yi bismilla."

Ya murɗa, ta tashi. Daga baya na ji Hajiya ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi." Ni dai na gyara zaman hulata. Amma ba zan ɓoye muku ba, a lokacin ji na yi duk Kaduna babu mai hannu irin nawa.

Da La'asar sakaliya muka shiga ƙauyen. Niyyarmu a samo maza su ɗauke shi a katifa a kai shi ɗakinta. Tsohuwar ba ta jira ba. Tana jin ƙarar mota a ƙofar gida ta sa mata biyu suka tallafo ta, 'yar ƙarama kamar a hure ta, ƙafa ba ta taɓa ƙasa sosai. Ta ce a kai ta inda yake. Aka buɗe ƙofar gefe aka ɗaga ta aka shigar. Inji yana aiki, esi yana busawa, babu wanda ya tuna da shi cikinmu.

Hajiya ta durƙusa ta ce, "Inna, ga shi mun kawo miki."

Tsohuwar ta miƙa hannu tana lalube, sai ta faɗa kan hannunsa na ɓarin da ya shanye. Hannun nan ya wuni a ƙarƙashin iskar esi, ba ya motsi, ya yi sanyi ƙalau. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga mota mai sanyi ba, abu ɗaya ta sani da ke sa jikin mutum ya yi haka a watan bazara. Ta ɗaga hannun ta saki, ya faɗi yaraf.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali. "Gawa kuka kawo mani. Na faɗa maku."

Matan da ke waje suka ɗauki salati. Hajiya tana cewa, "Inna, da ransa, wallahi da ransa," Sule yana rantsuwa, tsohuwa ba ta jin kowa. Ni kuwa da nake ta hura hanci tun daga Funtuwa, sai na sunkuyar da kai, don sanyin nan aikina ne.

Sai Malam Lawal ya yunƙura. Ya kawo hannunsa mai lafiya ta kan ƙirji, da ƙyar, ya kama tsintsiyar hannunta ya riƙe gam. Ya ja hannun ya ɗora a kan bakinsa. Muna ganin leɓensa yana motsi, sauti ba ya fita, amma numfashinsa mai ɗumi yana sauka a tafinta.

Ta daɗe a haka. Sannan ta shafa goshinsa, ta shafa gemunsa, ta laluba wani tsohon tabo a bayan kunnensa.

"Lawal," ta ce.

Sule ya juya baya ya rufe fuska da hula. Malam Lawal ɗan fari ne, kuma Sule ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin ta kama sunan yayansa ba sai ranar.

Ta warware mayafinta ta lulluɓe masa ƙirji, ta ɗago kai tana neman mai laifi da makafin idanunta.

"Wane marar imani ne ya sa mani yaro cikin wannan sanyi?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"To kashe shi. Ku kuma kun tsaya kuna kallo, a dama mana kunu mai zafi. Ni zan ba shi da hannuna, in ya sha in sha."

Na miƙa hannu na kashe.